'Yan ubanci a gona ɗaya: sanfulawar daji da ta gida

Sa'adatu:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Akwai abin da ya tsaya mini a rai tun bara, ina roƙon masana su warware mini shi. Na yi wata uku ina koyon aiki a wata gonar sanfulawa, wadda wasu ke kira furen rana, a kudu maso yammacin Faransa. Wata safiya cikin watan Yuli muna zagaya gonar, shuka ta yi kai ɗaya kamar an daidaita ta da igiya, kowane kara da kansa guda, sai na hango wani tsiro ya zarce sauran da kusan kamu biyu. Da na matsa kusa na ga ya yi rassa ta ko'ina, kowane reshe da ɗan furensa da bai wuce tafin hannun yaro ba. Tsakiyar furen baƙi ne mai sirkin ja, jikin karan ma ja-ja, ga kaushi kamar harshen sa. Na tsaya na ƙirga kawunansa, manya da ƙanana, na samu 34. Ni wallahi burge ni ya yi. Mai gonar kuwa yana isowa fuskarsa ta canza kamar wanda ya hango gobara. Bai ce uffan ba, ya tuge shi da saiwarsa, ya ƙi yar da shi cikin gona, ya saɓa a kafaɗa har bakin hanya. Ranar ba mu yi wani aiki ba sai bin layi-layi muna farautar irinsa.

Abin da na kasa ganewa: ita ma fa sanfulawa ce. Gonar ta fi hekta 20, abin da muka tuge duka bai wuce 40 ba. Wace ɓarna tsiro 40 zai yi a cikin shuka fiye da miliyan? Kuma me ya sa ya fi tsoronsa a kan sauran ciyayin da na ga yana wucewa ko kallo ba su ishe shi ba?

Nafi'u:
Wa alaikumus salam. Ƙanwata, ni a ganina gyauro ne kawai. Ƙwayar da ta zube wajen girbin shekarun baya ce ta tsiro. Duk wanda ya taɓa shuka iri mai aure, wato wanda aka haɗa daga iyaye biyu daban, ya san 'ya'yansa ba sa ɗauko uwar, wani dogo, wani gajere, wani da rassa. Mai gonar dai mutum ne mai son tsafta. Gyauro ba ya daɗewa, shekara biyu zuwa uku ya ƙare da kansa.

Dakta Lawan:
Nafi'u, maganarka da ƙamshin gaskiya, amma kama da wane ba ta wane. Gyauron sanfulawa yana iya yin rassa, haka ne, dalilin ma sananne ne. Masu haɗa iri sukan zaɓi uba mai rassa da gangan domin ya daɗe yana zubar da garin fure lokacin barbara. A 'ya'yan farko halin yana ɓuya, sai a jikoki ya fito. To amma abin da Sa'adatu ta kwatanta ya wuce nan. Tsawon da ya zarce shuka, kawuna sama da 30 babu wani babba a cikinsu, jan kara, baƙin tsakiyar fure, waɗannan duk tambarin jinin daji ne.

Bari in koma baya kaɗan. Asalin sanfulawa nahiyar Amurka ta Arewa ne. Danginta, wanda masana ke kira Helianthus, ya kai jinsi wajen 50, kuma kusan dukansu 'yan can ne. Mutanen ƙasar na asali su suka ɗauki ɗaya daga ciki, Helianthus annuus, suka mayar da ita shukar gida fiye da shekara 4,000 da suka wuce. Yaya suka yi? Kwance mata ɗamara suka yi, makami bayan makami. Ta daji kawunanta da yawa, kowanne da ranar nunarsa, sai suka zaɓi mai kai ɗaya. Ta daji ƙwayarta na nuna take zubewa, sai suka zaɓi mai riƙe ƙwaya har a zo girbi. Ƙwayar ta daji in ta faɗi ƙasa likimo take yi, wata ta tsiro baɗi, wata sai bayan shekaru, sai suka zaɓi mai tashi da zarar ta ji danshi. Daga baya Rashawa suka ɗora, musamman Vasili Pustovoit a Krasnodar, wanda ya ɗaga man da ke cikin ƙwayar daga wajen kashi 30 cikin 100 zuwa kusan 50. Duk abin da ya sa ta gona ta zama mai amfani gare mu, shi ya sa ta zama raguwa a fagen kokawa. Ta daji kuwa tana nan da kayan faɗanta cif.

Kuma har gobe jinsi ɗaya ne su biyun. Ƙudan zuma ya tashi daga kan wannan ya sauka a kan waccan, ciki ya shiga.

Sa'adatu:
Allah ya saka da alheri Dakta. Amma Faransa ina, dajin Amurka ina? Na san Sifaniyawa ne suka kawo sanfulawa Turai tun ƙarni na 16, sai dai mai gonar ya ce mini a zamanin mahaifinsa ba su san wannan matsala ba. To ta ina ta ɓullo?

Hajiya Rabi:
'Yata, a cikin buhun iri ta shigo. Marie-Hélène Muller da abokan aikinta na cibiyar binciken noma ta Faransa, wadda a lokacin ake kira INRA, sun bi diddigin abin, suka tarar waɗannan ciyayi na Faransa da Sifen 'yan ruwa biyu ne, uwa ta gona, uba na daji. Yadda aka gane haka shi ya fi ba ni sha'awa. Kusan duk irin sanfulawa mai aure da ake sayarwa a duniya, uwarsa na ɗauke da wani gado da ke hana ta yin garin fure, kuma gado ne da ake karɓa ta wajen uwa kaɗai. Da aka duba ciyayin sai ga wannan tambari a jikinsu. Ke nan a gonar da aka haɗa irin, a ƙasar da ta daji ke tsirowa a bakin hanya, ƙudan zuma ya kwaso garin ta daji ya ɗora wa uwar da aka tanadar wa wani mijin. Aka girbe, aka ɗure a buhu, aka ƙetare teku da shi. Ƙwayar kuwa ido ba zai bambanta ta ba, tunda ɓawonta na uwa ne.

A binciken da suka wallafa a 2009, wanda ya shafi yankin Andalus na Sifen da kudu maso yammacin Faransa, wajen kashi 15 cikin 100 na gonakin sanfulawa sun kamu, kuma inda ciyawar ta yi kauri asarar amfani ta kai kashi 50. Rabin wahalar mutum ke nan.

Batun tsiro 40 kuwa, ɗauki alƙalami. Kin ƙirga kawuna 34. Mu ƙaddara kowane kai ƙwaya 100 kacal ya yi, alhali yakan fi haka. Ƙwaya 3,400 ke nan daga kara ɗaya. Sau 40, kin samu 136,000. Manomi yakan shuka wajen 60,000 a hekta guda. Wato da an bar su, sun zuba wa gonar irin da ya fi na hekta biyu, kuma ba irin da zai tsiro rana ɗaya a kashe shi a huta ba. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Baba Iro:
Ku bar ni in sa baki kan tambayar yarinyar nan ta biyu, don ita ce gishirin maganar. Me ya sa ɗan'uwa ya fi bare cutarwa? 'Yan ubanci ne, ba wani abu ba.

Baƙuwar ciyawa tana da nata lokaci da nata wuri. Wata saiwarta a sama take, ta sha ruwan sama-sama ta bar na ƙasa. Wata ta fito da wuri ta mutu da wuri. Wata gajera ce, shuka na rufewa inuwa ta gama da ita. Sanfulawa kuwa da ma gwanar rufe ƙasa ce, ganyenta faffaɗa, in ka tsare mata makonnin farko babu ciyawa, sauran sai dai su yi ta lallaɓawa a ƙarƙashinta. Shi ya sa kika ga mutumin nan yana wuce su. Amma 'yar'uwarta ta daji, abin da ta gona ke so shi take so, a ranar da take sonsa, a zurfin da take nemansa. Ɗumin ƙasar da zai tayar da wannan shi zai tayar da waccan. Uwar saiwar ta gona kan nutse mita ɗaya da rabi har biyu neman danshi, ta daji ma can take zuwa. Takin da ka zuba domin ɗaya, daidai bakin ɗayar ka zuba shi. Babu inda wani zai kauce wa wani.

Sannan ga tsawo. Irin gona na yanzu da wuya ya wuce mita biyu, an taƙaita shi ne don kada iska ta kwantar da shi, kuma don injin girbi ya ji daɗin aiki. Ta daji takan kai mita uku, ta baza rassa bisa maƙwabtanta kamar laima. Shukar da hasken rana ne abincinta, an kafa mata rumfa daidai lokacin da take cika ƙwaya. Duk wanda ya samu dama ya duba kawunan da ke kewaye da irin wannan tsiro, zai gan su ƙanana, tsakiyarsu holoƙo.

Ta gona fure ɗaya take yi, ta gama, ta sunkuyar da kai ta soma bushewa. Ta daji tana ta fure, tana ta shan ruwa, sai sanyi ya zo ya kashe ta. Ranar girbi ita ɗanya ce shakaf, ta cushe injin, ta jiƙa ƙwayar da aka tara.

Dakta Lawan:
Baba ya gama magana. Ƙari ɗaya zan yi don a ga ƙarfin wannan tsiro ko a gonar da ba tasa ba. A jihar Kansas ta Amurka an gwada shi cikin waken suya, aka ga ƙasa da tsiro biyar a faɗin mita ɗaya murabba'i sun cinye fiye da kashi 90 cikin 100 na amfanin. Akwai kuma asarar da sikeli ba ya nunawa. Ƙwayar ta daji manta kaɗan ne, kuma wanda ya shuka irin da ake saye saboda nau'in mansa na musamman, in ta gauraya da nasa sai ingancin ya faɗi.

Nafi'u:
To na janye maganar gyauro, na gode da gyara. Amma ni har yanzu ban ga abin tayar da hankali ba. Mutumin da yake da tarakta da injin feshi, me zai kai shi bin layi da ƙafa yana tuge ciyawa da hannu? Ya yi feshi mana.

Dakta Lawan:
Da wane magani, Nafi'u? Nan gizo ke saƙar. Maganin ciyawa mai zaɓe yana aiki ne saboda akwai bambanci tsakanin jikin shuka da jikin ciyawa. A nan babu bambancin. Duk maganin da zai ƙyale ta gona zai ƙyale ta daji, duk wanda zai kashe ta daji zai kashe ta gona.

Sai dai akwai labarin da ya kamata kowa ya ji. A 1996, kusa da garin Rossville a Kansas, aka ga sanfulawar daji ta ƙi mutuwa a wata gonar waken suya da aka yi shekara bakwai a jere ana fesa mata magani iri ɗaya, imazethapyr. Kassim Al-Khatib na Jami'ar Jihar Kansas ya bincika ya tabbatar da cewa ciyawar ta samu juriya. Maganin yana kashe tsiro ne ta hanyar toshe wani sinadari da tsiron ke haɗa abincin gina jikinsa da shi, ita kuwa wannan nata sinadarin ya ɗan sauya siffa, maganin ya daina kama shi. Ga mai waken suya musiba ce. Masu haɗa irin sanfulawa kuwa suka ga tsuntsu daga sama gasashshe. Jerry Miller na ma'aikatar noma ta Amurka a Fargo, jihar Dakota ta Arewa, ya aurar da wannan ciyawa da ta gona, aka yi ta tacewa har juriyar ta zauna a jikin irin gona. A 2003 aka fara sayar da shi da sunan Clearfield. Daga baya wani irin ya fito mai suna ExpressSun, wanda ke jure wa wani maganin ciyawa da ake kira tribenuron. Dukansu ba dashen ƙwayar halitta daga wata halitta daban ba ne. Yanzu manomi na iya fesa magani a kan sanfulawarsa, tasa ta rayu, ta daji ta mutu.

Nafi'u:
To ai magana ta ƙare ke nan. Da ɗan gari akan ci gari. An ɗauko makamin daga hannunta an yaƙe ta da shi.

Malama Hauwa:
Ba ta ƙare ba, Malam Nafi'u, yanzu ma ta fara, kuma wannan ne wurin da abin ke ci mini tuwo a ƙwarya. Ƙofar da aka bi aka ɗauko juriyar nan, an rufe ta ne bayan an fito? Tana nan a buɗe, kuma shiga da fita ake yi ta cikinta. Feshi ba ya taɓa kashe ciyawa duka. Akwai wadda ta tsiro bayan an yi feshin, akwai ta bakin gona da maganin bai kai gare ta ba. Ta daji kuma ba ta iya yi wa kanta barbara, dole sai garin furen wani ya zo mata. To a gonar da aka kashe 'yan'uwanta saura ita kaɗai, garin wa zai zo mata? Na ta gona, mai ɗauke da juriya, daga kawuna dubu sittin a kowace hekta. Da hannunmu muka zaɓa mata miji.

Tun 1994 Arias da Loren Rieseberg suka nuna cewa garin ta gona yana isa ga ta daji har nisan mita 1,000. Wani binciken da ya biyo baya ya samu gadon ta gona a jikin ta daji bayan zuriya biyar. An kuma gwada an tabbatar cewa ita juriyar maganin kanta tana ƙetarawa ta wannan hanya. Ba a kan sanfulawa aka fara ba. Masu noman shinkafa a jihar Arkansas sun karɓi shinkafar Clearfield hannu bibbiyu domin maganin jar shinkafa, wadda ita ma 'yar'uwar shinkafar gona ce, ba a yi shekaru da yawa ba sai ga jar shinkafa mai juriya. Ana maganin ƙaba kai yana kumbura.

Abin da ya fi muni, magungunan nan biyu da Dakta ya ambata duk wuri ɗaya suke kamawa a jikin tsiro, kuma danginsu ne ake yawan fesawa a alkama da masara da waken suya. Ranar da ciyawar ta samu juriya, ba a gonar sanfulawa kaɗai ka rasa makami ba.

Nafi'u:
Malama, na ji, kuma ban musa ko ɗaya ba. Amma ki sa kanki a matsayin mai hekta 200 da ciyawar nan ta riga ta mamaye. Shi da ɗansa ne kaɗai ke aikin. Ki ce ya tuge da hannu? Ko ya bar noman? Masu bincike suna da sauƙin cewa kada a yi, ba su ne bashi ke jira a ƙarshen shekara ba. Magani ko na shekara biyar ne, ya fi babu.

Malama Hauwa:
Ban ce kada ya yi ba. Cewa na yi in zai yi, ya yi shi da sharaɗinsa. Ya fesa cikakken awo a lokacin da ciyawar take ƙarama, kada ya rage don tsimi. Bayan feshi ya shiga da ƙafa ya tuge duk wadda ta tsira kafin ta yi fure, har da ta bakin gona da ta gefen hanya. Kada ya maimaita sanfulawa a wurin sai bayan shekaru, kuma a shukar da zai sa tsakani ya nemi magani na wani dangi daban. Wanda ya sayi irin nan don ya huta da shiga gona, shi ne zai haifar wa unguwarsu gaba ɗaya ciyawar da ba ta jin magani.

Malam Habibu:
Tun ɗazu nake karantawa, kuma akwai abin da ya dame ni. Mun taru mun mayar da tsiron nan abokin gaba, alhali ba don shi da danginsa ba, da babu noman sanfulawar da muke magana a kai.

Gadon nan da Hajiya ta ambata, mai hana uwa yin garin fure, daga ina ya fito? Patrice Leclercq ne ya samo shi a Faransa a 1969, daga auren wata 'yar daji mai suna Helianthus petiolaris da ta gona. A 1970 Murray Kinman a Amurka ya gano gadon da ke mayar wa 'ya'yan da haihuwarsu. Da waɗannan biyun aka samu damar haɗa iri mai aure da yawa, wanda yau Yukren da Rasha da Ajantina da Romaniya ke nomawa. Cutar farin ƙura da ke tsugunar da sanfulawa tun tana ƙarama, kariyar da ake sa wa iri daga gare ta an ɗebo ta ne daga 'yan daji, har da Helianthus argophyllus mai farin gashi a ganye, 'yar yashin gaɓar tekun Texas. Ita kanta juriyar maganin da kuke gardama a kai kyautar ciyawa ce. Shi ya sa ake adana irinsu a rumbun iri na Ames a jihar Iowa, da na Novi Sad a Sabiya. Ta gona an tace ta har gadonta ya ƙuntata. Duk ranar da sabuwar cuta ta ɓullo, ko fari ya tsananta, gidan dangin nan za a koma roƙo.

Ku duba ma yadda mutane suka rabu a kanta. Kansas ta ɗauke ta furen jiha tun 1903, har ana yi wa jihar laƙabi da ita. Iowa kuwa ta sa ta cikin jerin miyagun ciyayi. Tsiro ɗaya ne fa.

Hajiya Rabi:
Malam Habibu, gaskiyarka, amma a raba wuri. A filayen Amurka gidanta ne, ita ta riga gona zuwa, kuma babu mai hankalin da zai ce a share ta. A Turai da Ajantina baƙuwa ce. A tsakiyar Ajantina ita da petiolaris ɗin da ka ambata duk sun zauna sun yi kaka-gida a yankin da ake noman sanfulawa, masana a Bahía Blanca irin su Mónica Poverene sun daɗe suna bibiyar auratayyarsu da ta gona. Wadda Sa'adatu ta gani a tsakiyar gona kuwa ba taskar gado ba ce da za a ji tsoron rasawa, asalinta yana nan a ajiye a inda ka faɗa.

Kuma auratayyar nan ita ma ta dajin tana taɓa ta. Allison Snow da abokan aikinta sun wallafa wani gwaji a 2003, inda aka sa wa ta daji ƙwayar halittar Bt mai kashe tsutsa. A Nebraska ƙwayar da ta haifa ta ƙaru da kashi 55 cikin 100, saboda tsutsar da ke rage mata ƙarfi ta daina cinta. Har yau ba a sayar da sanfulawa mai dashen ƙwayar halitta a kasuwa. Duk abin da ka ba ta gona, ka ɗauka ka ba ta daji.

Malam Habibu:
Na yarda da rabewar, Hajiya. Abin da nake gudu shi ne yaro ya karanta zaren nan ya tashi da cewa dangin shuka na daji abin ƙonewa ne duk inda aka gan su. A tuge ta a gona, a tsare ta a gidanta, kuma nauyin farko yana wuyan masu haɗa iri. Su nisanta gonakinsu daga inda take, su share kewaye kafin fure. Manomin Faransa bai je Amurka ya ɗauko ta ba, saya ya yi da kuɗinsa a matsayin iri mai tsabta.

Sa'adatu:
Iyayena, yanzu wasu abubuwa da na gani suka faɗa mini daidai. Bayan girbi na tambayi mai gonar yaushe za a yi huɗa, ya ce ba za a yi ba a wannan gonar. Na ɗauka ganda ce ko tsimin mai. Kuma akwai wata 'yar gona can gefe da ya bari sai ƙarshe, da aka gama ta ya sa muka buɗe injin girbi muka yi kusan rabin yini muna hure shi da iska, har da tsintsiya a lungunan da iska ba ta kai ba. Baba, wannan duk saboda ita ne?

Baba Iro:
Saboda ita ne, jikata, kuma mutumin nan ya san aikinsa. Ƙwayar da ke kwance a saman ƙasa tsuntsu zai ci, ɓera zai ci, wata ta ruɓe, wata ta tsiro a lokacin da ba shuka a gonar a bi ta da garma mara zurfi a kashe. Amma ka juya ƙasa ka binne ta, ka yi mata rumbu ke nan. Can ƙasa babu haske babu tsuntsu, sai ta yi kwanciyarta shekara da shekaru, duk huɗar da ka sake yi ka tono wani kaso ka kawo shi sama. Wasu ma sukan gyara ƙasa kamar za su yi shuka, su jira ciyawar ta fito su kashe, sannan su shuka na gaskiya.

Gonar da ya bari ƙarshe ita ce mai cutar. Injin girbi shi ne babban mai yi mata jigila, ya haɗiye a wannan gona ya amayar a waccan. In na haya ne kuwa, har gonar wanda bai san hawa ba bai san sauka ba.

Abu ɗaya zan tambaye ki. Waɗanda kuka tuge a Yuli, kin ce har sun yi fure. A shekarar farko da ta shigo da buhu, a kan layin shuka take fitowa, tunda injin shuka ne ya ajiye ta. In kuwa a tsakanin layuka kuka same su, to daga ƙasa suka taso, an riga an yi zubi a baya. A ina kuka fi samun su?

Sa'adatu:
Baba, yawancinsu a kan layi suke, ɗaya nan ɗaya can, nesa da juna. Amma akwai wani wuri kusa da mashigar gonar, inda injin ke juyawa, da muka samu bakwai ko takwas a cure, kuma waɗannan a tsakanin layuka suke. Biyu daga ciki kawunansu na farko har sun bushe, da na taɓa ɗaya ƙwaya ta zubo mini a hannu, ƙanana, masu ɗige-ɗige. Mai gonar ya kafa sanda a wurin ya ɗaura mata jan ƙyalle. Zan rubuta masa yau in tambaye shi abin da ya fito a gindin sandar bana.